Ƙugiya Ɗaya

Zuwa ga Yaya Mai Zarto,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen aikinka. Mu nan lafiya lau, sai Iya da har yanzu ba ta tashi daga gado ba. Amma tana cin abinci, tana kuma faɗa da kowa, ka ga da sauranta. Kunnena yana nan yadda ka sani, na dama ya tafi, na hagu yana bin sawunsa. Shi ya sa na ce ku daina kirana a waya, don sai in yi ta cewa na'am, na'am, alhali ban ji komai ba.

Wannan rubutun hannuna ne, ba na kowa ba. Shekara hamsin da uku ina dangwala yatsa a takarda. Yau wata goma sha ɗaya ke nan ina zuwa ajin manya, saboda Dogo kawai, don in ji labarinsa ba tare da wani ya shiga tsakaninmu ba. Malama ta ce hannuna yana da nauyi, ina huda takarda. Ka yi haƙuri da ramukan.

Yaya, ina da ƙara a kanka. A wasiƙar da ka aiko ta hannun direban motar katako, ka rubuta cewa Dogo ya dawo daga aiki da kaya a hannu. Na yi ta murna, na ce yaro ya fara sayen kaya. Sai da Malama ta duba ta yi dariya, ta ce ƙaya kake nufi, ta itace. Ba ka sa wa harafin ƙugiyarsa ba. Malama ta ce ƙugiya ɗaya tana iya raba mutum da gaskiya. Kai da ka yi makaranta tun kana yaro, a ce ni zan gyara maka? To, an cire ƙayar? Ta yi ruwa?

Yanzu ga ainihin maganar. Hoton da kuka aiko ya hana ni sukuni. Na ga mutum ƙarami kamar ƙuda a saman bishiya, aka ce wai ɗana ne. Igiyar nan da ke riƙe da shi ba ta kai igiyar shanyata kauri ba. Kuma da na kai hoton bakin taga na duba da kyau, sai na ga takalmin ƙafarsa na yadi ne, yatsa har ya leƙo. Haka ake hawa sama?

Ban manta alherinka ba. Kakata da kakarka ne suke ciki ɗaya, zumuncin ya yi nisa, sau uku kaɗai muka taɓa haɗuwa, amma da mahaifinsa ya rasu kai ka ce a turo maka shi. Shekara huɗu ke nan yana hannunka. Roƙona ɗaya ne: in akwai wata kafa da zai bi ya samu aikin ƙasa, ka nema masa. Shi kaɗai gare ni.

Ka sa shi ya taka farar takarda, ka zagaye ƙafarsa da biro, ka aiko mini. Ban yarda da lambar takalmi ba, ko wane mai shago da tasa.

Iya ta ce a gaida mijinta, jikan nan nata Dogo, wai ya gudu ya bar ta don ta tsufa.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Mun ga wasiƙa, mun ga hannu. Na karanta wa mutanen aiki wurin da kika yi ƙarata, har mai jan igiya ya kusa faɗuwa daga bayan mota don dariya. Mu lafiya, sai gwiwoyina da suka yi mini ritaya daga hawa tun bara. Ƙayar ta fita, ko tabo babu. Ki duba da kyau, yau kowane harafi na rataya masa ƙugiyarsa. Ni a da ƙugiyar da na sani ita ce ta ɗamara.

Bari in kwantar miki da hankali, don wanda bai san aikin ba ya fi mai yi jin tsoro. Igiyar da kika raina za ta ɗaga ƙaramar mota. Kowace safiya sai Dogo ya bi ta da yatsunsa daga kai zuwa kai, in ya ji wuri ya yi laushi ko ya yi gashi, mun yar da ita. Yana ɗaura ɗamara mai zagaye ƙugu da cinyoyi, a gabanta akwai ƙugiyar ƙarfe mai kulle kanta, ita ke haɗa shi da igiya. Akwai hular kwano, akwai gilashin ido saboda garin katako. Injin zarton da yake hawa da shi ƙarami ne, a rataye yake a ƙugunsa, ba ya tayar da shi sai ya zauna daram. Da rana in mun huta, shi ke wasa haƙoran sarƙar da magagari, ɗaya bayan ɗaya, yana waƙa. Ba ya yarda wani ya taɓa masa.

Kafin duk wannan akwai abin da nake yi da hannuna. Ba mai hawa bishiya sai na zagaye ta na ƙwanƙwasa da bayan gatari, na kara kunne. Lafiyayyar bishiya tana amsawa a cike. Wadda gara ko ruɓa ta cinye cikinta tana amsawa kamar ganga. Shekara talatin ina wannan, ban taɓa tsallakewa ba.

Kuma ɗanki gwani ne. A nan ba mai ce masa Dogo, Kurege suke kiransa. Makon jiya mun sauke wani tsohon mangwaro da ya shiga tsakanin wayoyin wuta da rufin gida, reshe-reshe, ko kwano ɗaya bai lotsa ba. Matar gidan ta tsaya tana tafa hannu.

Maganar takalmi kin yi gaskiya, na ji kunya. Ga zanen ƙafar nan a ciki, ta dama ce. Ya yi ta dariya wai biro yana yi masa cakulkuli. A nemi mai ƙarfe a baki, mai tudun dunduniya, wanda ya rufe idon sawu.

Na bar mai daɗin a ƙarshe. Kafar da kike nema ta buɗe. Masu lambun renon itatuwa na bayan gari suna neman wanda zai kula da dashe, mutum ɗaya. Aikin ƙasa ne, ban ruwa da cika leda da ƙasa da koya wa ma'aikata aski da dashe. Na kai sunansa. Za su gwada mutane ranar Talata ta ƙarshen wata, ƙarfe goma na safe, kuma sun ce wanda ya makara ya bar wa wani. Shi ba ya so, ya ce zai mutu da zaman ƙasa. Na ce uwarka ta fi ka gaskiya. Raba ni da shi kamar cire mini hannun dama ne, amma na yarda.

A gaida Iya. Mijinta ya ce yana nan tafe, ta tanadi haƙoran tarbarsa.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Iya ta yi tari kwana biyu, ya lafa. Na karanta wasiƙarka sau shida, ni kaɗai, ban nemi Malama ba. Ƙugiyoyinka sun yi kyau, na ba ka maki.

Allah ya saka maka da alheri. Tun da na karanta maganar lambun nan nake jin kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Ban gaya wa kowa ba sai Iya, don abin da bai tabbata ba ba a yi masa shela. Amma ni kaɗai ina kan keken ɗinki sai in ji ina murmushi. Ɗana a ƙasa, da butar ban ruwa a hannu.

Ga riga nan na ɗinka masa, fara mai dogon hannu, ya sa ranar gwajin. Kada ya sa ta kafin ranar. Ka ce ya yanke farce, ya wanke baƙin man nan na hannunsa da sabulu sosai. In sun tambaye shi abu ya dubi fuskarsu, ya daina sosa ƙeya. Kuma Yaya, don girman Allah, kada ya makara. Na san shi, tun yana ƙarami in aka aike shi sai ya tsaya kallon tsuntsaye. Ka tashe shi da wuri, ka kai shi da kanka.

Na je kasuwa da zanen. Shago huɗu na shiga. Ina ɗora takalmi a kan takarda, masu shago suna kallona kamar mahaukaciya. Ɗaya ya ce, Mama, wannan ƙafar ta mutum ce ko ta raƙumi? Na ce ta ɗana ce, kuma ta fi taka albarka. A na huɗun na samu irin wanda ka faɗa, amma girman bai kai ba, ya ce zai kawo mako mai zuwa. Ko ya samu aikin lambu zai sa abinsa, ai can ma akwai ƙaya.

Sunan nan na Kurege ban so shi ba. Ku daina.

Zan jira direba ranar Juma'a bayan gwajin. A bakin titi zai same ni.

Ƙanwarka

*

Kanwata,

Gaisuwa. Ban san ta inda zan fara ba. Dogo ya rasa kafa. Ranar Talatar ce. Ni na tsayar da shi da safe, laifina ne. Yana kwance, ba ya magana da kowa, ko ni ba ya kallo. Direba yana jira, hannuna ba ya rike biro. Ki yi hakuri. Ki yi hakuri.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa. Muna lafiya. Na ga 'yar takardarka.

Abu ɗaya na roƙe ka. Ɗaya tak. Na ce kada ya makara, ka ce to. Kafar da muka yi shekara huɗu muna jira, ka tsayar da shi da safe don me? Bishiyoyin duniya za su gudu ne kafin azahar? Ka ce raba ka da shi kamar cire maka hannu ne. Na ɗauka magana ce kawai, ashe da gaske kake, ba ka so ya tafi. Ban ce da gangan ka yi ba, Allah ne masani. Amma zuciyata ta faɗa, kuma na rubuta.

Ga takalman nan a kwali, sun iso. Tun da sama zai ci gaba da hawa, gara ya hau da su. Takardar da ke ƙasa tasa ce, ka ba shi.

Dogo,

Kawunka ya ce kana kwance ba ka magana da kowa. Wa kake yi wa fushi? Ai kai ka ce ba ka so. Ga shi Allah ya ba ka yadda kake so. Kai ba yaro ba ne, shekararka ashirin da shida. Da ka ga rana ta ɗaga, bakinka ciwo yake da ba za ka ce Kawu, lokaci ya yi ba? Na san ka. Ka ga bishiya, ka manta da uwarka.

Na yi kwana uku ina ɗinka rigar nan da idon da ba ya gani sosai. Na yi yawon kasuwa da zanen ƙafarka ana yi mini dariya. Ban yi don a gode mini ba. Na yi ne don in daina firgita duk lokacin da mota ta tsaya a ƙofar gida.

Wanda ya rasa kafa ɗaya ai ba a kansa aka fara ba, sai ya nemi wata. Kwanciya ba ta gyara komai. Mahaifinka da zazzaɓi a jikinsa yake fita aiki. Ka tashi ka wanke fuska, ka sa takalman nan, ka tsaya da ƙafafunka biyu kamar ɗa namiji, ka je wurin masu lambun ka ba su haƙuri, ko za su sake dubawa. Ni ban haifi rago ba, ban kuma haifi gurgu ba.

Ka rubuto mini da hannunka, ka gaya mini ko takalman sun yi daidai.

Innarka

*

Yaya,

Sallama. Ina fatan lafiya. Iya tana nan, tana tambayar mijinta kullum.

Direba ya wuce sau biyu ba takarda. Na farko ya ce ba ku ba shi komai ba. Na biyu ko tsayawa bai yi ba, ya ɗaga mini hannu kawai, ya kau da kai. Mutumin da kullum sai ya sauko ya sha ruwa ya tsokane ni.

In maganata ce ta yi zafi, ka yafe mini. Na girma da baki, ban saba da biro ba. Magana in ta fita iska ke ɗauke ta, ban san ta takarda zama take yi ba. Kai babba ne, kada ka biye mini.

Mako biyar ke nan. Ko layi ɗaya ne. Ku gaya mini takalman sun yi masa ko ba su yi ba, in mayar a canza.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. In Malama tana kusa, ki kira ta ta zauna tare da ke. Dogo yana raye, yana cin abinci, zazzaɓin da ya yi ya sauka. Ki riƙe wannan tukuna.

Na yi masa alkawari ba zan rubuto ba. Yau na karya.

Ƙafa ce, Ƙanwata. Ƙafarsa ta dama, daga ƙasan gwiwa. Abin da na rubuta miki ke nan bayan an cire ta, a tsaye a barandar asibiti, takarda a kan bango. Ban san ban sa ƙugiyar ba sai da amsarki ta zo.

Ga yadda aka yi. Daren Litinin an yi iska, ta karkatar da wani dogon itacen turare a kan rufin wani tsoho. Da sassafe ya zo yana roƙo, ya ce jikokinsa a ɗakin suke kwana. Na duba na ce reshe uku ne kawai, kafin takwas an gama. Dogo ya ce, Kawu, yau fa Talata. Ya faɗa, Ƙanwata. Kin ce bai buɗe baki ba, ya buɗe. Ni na ce masa hau, da kaina zan kai ka. Ya ninke farar rigar ya ajiye a kujerar mota don kada ta yi datti.

Ina duba agogo, ina duba sama. Gatari yana hannuna. Ban ƙwanƙwasa ba. Shekara talatin, ranar kaɗai.

Ya sauke reshe biyu lafiya. Na ukun mai nauyi ne, sai ya ɗaure shi da igiyar saukarwa, ya ratayo ta inda rassa biyu suka rabu a samansa, mu muna riƙe a ƙasa. Haka muke yi kullum. Da zarto ya gama ci, nauyin ya koma kan wurin, ashe gara ta cinye cikinsa, ɓawo ne kawai. Ya tsage. Gungumen ya yi lilo ya dawo, ya matse ƙwaurinsa da jikin bishiyar. Igiyarsa a wani reshe dabam take, ƙugiyar ɗamara ta riƙe shi, shi ya sa bai faɗo ba. Da hannunsa ya kashe injin. Mu muka sauko da shi a hankali, yana ce mini, Kawu, ƙarfe nawa?

Likitoci sun yi iya yinsu. Washegari suka ce in ba a cire ba za ta tafi da shi gaba ɗaya. Ni na sa hannu.

Da kwalinki ya zo na so in ɓoye, amma ya ga rubutunki a jiki, ya miƙo hannu. Ya karanta takardar har ƙarshe, ya sake karantawa. Ya buɗe kwalin ya fito da takalman ya jera su a kan gado. Sai ya yi magana, karo na farko cikin kwana tara. Ya ce, Kawu, bar ta a haka. Gara ta ɗauka ni rago ne.

Shi ya sa kika ji shiru. Direba ma ya sani, mu muka roƙe shi.

Abin da kika faɗa a kaina, ban musa ba. Na tambayi kaina ko don ba na so ya tafi ne na ce ya hau. Ban sami amsar da zan iya rantsuwa a kanta ba. Injinan suna rataye a shago, ban tayar da ko ɗaya ba tun ranar. Rigar tana kujerar mota yadda ya ninke ta.

An sallame shi, yana ɗakina na ƙasa. Yana koyon sanduna. Takalman suna ƙarƙashin gadonsa, ba ya bari a share wurin.

Ban nemi ki yafe mini ba.

Yayanki

*

Dogo, ɗana,

Ina gaishe ka. Yaya jikin? Yaya ciwon? Kana samun barci? Ni lafiyata ƙalau, kada ka sa ni a ranka. Iya ba ta sani ba tukuna. Ta ga idona ta ce me ya faru, na ce hayaƙi ne.

Takarda ta huɗu ke nan, ukun na yaga. Malama ta ce ta rubuta mini, na ce a'a. Hannun da ya rubuta waccan shi zai rubuta wannan.

Malama ta ce ba laifina ba ne, abin da aka rubuta na karanta. Maƙwabciya ma haka ta ce. Na bar su sun faɗa. Amma kai zan gaya maka gaskiya, don ba ni da abin da zan ba ka sai ita.

Ranar da 'yar takardar kawunka ta zo, a bakin titi na buɗe ta. Na ga ya rubuta ƙanwata babu ƙugiya. Na ga riƙe babu. Na ga haƙuri babu, har sau biyu. Ni da na kama shi a kan ƙaya, a ce ban gani ba? Na gani. Na sa yatsa a kan kalmar nan, na tsaya. Gidan Malama yana nan bayan namu, taku kaɗan ne. Ban je ba. Na ce abin da ke kan takarda shi ne gaskiya, babu ƙugiya, to babu. Na shiga gida na yi fushi, don fushi ina iya ɗaukarsa. Ɗayan ban iya ba. Na zauna na zuba maka shi duka, don in ka tashi ka yi mini rashin kunya in san kana tsaye.

Ka ga uwarka. Kai ka ce gara in ɗauka kai rago ne. Ragon yana nan gida, a kan keken ɗinki.

Kalmar da na rubuta a ƙarshen waccan takardar, ba zan sake rubuta ta ba har in mutu. In da ana lashe tawada, da na bi direba a guje na lashe. Ka ƙona ta. In ba ka ƙona ba, ka ajiye, in na zo ka karanta mini a kunnen hagu da ƙarfi, in ji abin da ka ji.

Ka ce wa kawunka ban iya rubuta masa yau ba. Ban kuma ce ba zan taɓa iyawa ba. Ka ce ya ci abinci.

Maƙwabciya ta yarda za ta riƙe Iya kwana goma. Direba zai ɗauke ni ranar Juma'a, a gaba zan zauna. In ba ka son ganina, ka aiko kafin ranar, zan zo duk da haka in zauna a ƙofar ɗaki.

Zanen yana wurina. Da na gama da mai shago na ninke shi na sa a ƙasan akwati, ban san dalili ba. Jiya na fito da shi. Har wurin da biro ya kauce a ƙaramin yatsa yana nan, inda ka yi dariya ka motsa. Ban san abin da zan yi da shi ba. Ban iya kallonsa ba, ban iya mayar da shi ba.

Ƙafa. Ga ta nan na rubuta daidai.

Innarka

*

Inna,

Ina gaishe ki. Jiki da sauƙi. Ciwon yana zuwa yana tafiya, wani lokaci yatsun da babu su ne suke yi mini ƙaiƙayi. Ina kai wa bakin ƙofa da sanduna, jiya har tsakar gida.

Ban ƙona ba, ba kuma zan karanta miki ba.

Na gwada na hagu. Ya yi daidai, kamar a ƙafata aka ƙera shi. Kada ki yi maganar mayarwa.

Kawu ba ya cin abinci. In kin zo ki yi masa faɗa, ke yake tsoro. Ki gaya wa Iya kafin ki taso, kada ta ji a bakin wani. Ki ce mijinta ya daina gudu, yanzu ko ita za ta kama shi.

Mai haɗa ƙafar roba ya zo duba ni. Ya ce in wurin ya warke zai auna ta hagu ya yi mini irinta. Na ce masa ya dakata, awon ta ainihin yana wurin uwata.

Ki zo da takardar, Inna. Kada ki ninke ta da yawa.

Dogo